Fuskar da Na Ara a Damagaram

Tun da na fara zanen barkwanci a jarida ban taɓa iya ƙirƙiro fuska daga kaina ba. Tumbi zan iya, babbar riga zan iya, mota da kujerar mulki duk ina zana su ido a rufe, amma fuska sai na ga mai ita. Shi ya sa nake yawo da ɗan littafi a aljihu, in zauna a tasha ko bakin kotu ina satar hancin wannan da haɓar wancan. Shekara shida ina wannan sata a Kano, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a ba shi fuskarsa. A Damagaram sau ɗaya tak na yi, abin ya faɗa kan mutumin da ya ba ni masauki ya ciyar da ni, ya taɓa aikinsa da sunansa.

Abin da ya kai ni can kuwa, wani babba na zana da kunnuwa irin na zomo, shi kuma bai ga abin dariya ba. Lokacin soja ne, editanmu ya ce in ɓace na 'yan watanni. "Ana fari a Nijar," in ji shi, "je ka gano mana, ka riƙa aiko da zane ta hannun 'yan goro." Bai gaya mini yadda ake shiga ƙasar da aka rufe iyakarta ba, ni ma da wautata ban tambaya ba.

Bayan Daura na samu wani mai babur da ya rantse zai kai ni har Matamaye ta daji. Muka yi ta kutsawa cikin yashi, rabin tafiyar ni ke tura babur ɗin. Da rana ta take ya tsaya gindin wani gawo, ya nuna mini rufin ɗakuna daga nesa ya ce ga Matamaye can, shi ba zai ƙarasa ba saboda jandarmomi, jami'an tsaron Nijar. Na sallame shi har da godiya. Da na isa sai na tarar da ƙauye ne wanda mutanensa suka watse, ko kaza babu, ƙofofi an toshe su da ƙaya. Na tsaya ina ta zagin mai babur ni kaɗai har maƙogwarona ya bushe, sannan na tuna ba ni da ruwa.

Duk wanda na gamu da shi a hanyar nan kudu ya nufa. Mata da ƙwarya a ka, maza na jan akuyar da ta rage, wasu da ƙyauren ɗakinsu a kan jaki. Ni kaɗai ke tafiya arewa, da takalmi sau-ciki da jakar takardu. Wani dattijo ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Samari, lafiyarka ƙalau kuwa? Me ka manta a can?"

Na ce aiki zan je yi. Ya ce wane iri. Na ce zane, na ban dariya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kwance salkarsa ya ba ni ruwa na kurɓa, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Har yau ina jin ya ɗauka taɓaɓɓe ne ya gamu da shi.

Kwana uku na yi kafin in kai wani gari da ake ce wa Droum, wani wuri in taka a ƙafa, wani wuri a amalanken wanda ya ji tausayina. A can wata tsohuwa ta ba ni abin da suke ci, 'ya'yan anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, amma bai gama fita ba. Na ci ina yamutsa fuska, ita kuma tana dariya da bakinta da ba haƙori. Na fito da littafina in yi aiki, na rasa ta inda zan fara. Zanen barkwanci sai da wanda za a yi wa dariya, wanda ya ci ya ƙoshi ya taka mutane. Nan kuwa wa zan zana? Sama da ta ƙi ruwa? Na zana gawar saniya da rijiyar da aka sa wa igiya uku a ɗaure ba ta kai ruwa ba, na rufe littafin, raina a jagule.

Na shiga Damagaram a bayan wata kamiyo, haka suke kiran babbar mota. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, kamar an zubo su daga sama an manta. Hausa ake yi, ina ji sarai, amma da zarar magana ta kai ga ofis ko hukuma sai ta koma Faransanci in zama kurma. Ban san kowa ba. Na yi sallar la'asar a wani masallaci cikin Birni, aka watse, na ci gaba da zama don ba ni da wurin zuwa.

Nan Malam Kyari ya same ni. Dogo ne siriri kamar karan dawa, shekarunsa za su kai hamsin da wani abu, da tsage irin na Barebari a kumatunsa. Ya tambayi daga ina, na ce Kano. Ya tambayi wurin wa na zo, na ce ba ni da kowa a garin. Bai ƙara tambaya ba, ya ɗauki jakata ya ce in biyo shi.

Shi ne mai riƙe da makullin mangaza, wato siton da ake ajiye jar dawar taimako da ake kawowa daga ƙasashen waje. Kullum da safe mata da tsofaffi na yin layi a ƙofar, shi ke buɗewa, shi ke tsayawa a kan masu awo. Na zaci na faɗo gidan ƙoshi. Ashe sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan nan, kuma daga kasuwa ake sayo hatsin kamar kowa. Na taɓa raka shi wurin aiki na ga abin da ya ba ni mamaki: kafin ya kulle sai ya zazzage aljihunsa da naɗin wandonsa a bakin ƙofa, kada ƙwaya ta bi shi gida. Na ce masa, "Baba, wannan ai ya yi yawa." Ya ce shi dai haka ya fi samun barci.

Matarsa Ya Falmata ba ta cika magana da ni ba, amma kullum kwanona na zuwa zaure, kuma na lura ya fi na maigidan cika. Abin na damuna, ina kewar gida, ina kewar ƙosan bakin ofishinmu da surutun masu haɗa jarida. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne in zauna da yamma ina zana Malam Kyari yana jan carbi. Fuska ce mai daɗin zane, ga tsagen nan dogaye suna sauka a kunci, ga wasu gajeru biyu a gicciye kusa da kunnen hagu. Na zana shi ya fi sau talatin. Yakan karɓa ya duba ya ce, "Ikon Allah, har da furfurar," ya miƙo mini.

Na aika wa edita zane huɗu ta hannun wani ɗan goro da ke ratsa daji. Amsa ta dawo a 'yar takarda: shanu matattu sun ishe su, in aiko da abu mai haƙori. A lokacin kuwa duk inda ka zauna a kasuwa maganar ɗaya ce, wai dawar taimako na fita ta bayan gida tana shiga rumfunan 'yan kasuwa. Wa ke fitarwa? Wannan ya ce manya ne, wancan ya ce direbobi ne, wani ya ce tun daga babban birni ake rage ta. Ban ga komai da idona ba, amma na ji daɗi, don na samu wanda za a yi wa dariya.

Cikin yini ɗaya na gama. Wani ƙaton mutum zaune a kan tulin buhuna, tumbinsa ya rufe gwiwa, makulli na lilo a wuyansa, yana auna wa dogon layin mata hatsi da cokalin shayi. Ta bayansa kuma kamiyo na kwasa. Da na zo fuska sai hannuna ya tafi inda ya saba. Na kumbura kumatun, na faɗaɗa hancin, na sa masa wata hula daban, sannan na ja tsage don mai karatu a Kano ya san mutumin Nijar ne. Wallahi ko a raina ban kawo Malam Kyari ba. Ta yaya mutumin da iska ke iya ɗauka zai zama wannan buhun nama? Na naɗe na ba ɗan goro, na yi barcin rana mai daɗi.

Bayan kamar mako uku abubuwa suka fara canzawa, ni kuma ban gane komai ba. Mai shayin da nake zama wurinsa ya daina amsa gaisuwata da kyau. A masallaci aka bar gurbi tsakanin Malam Kyari da na kusa da shi. Wata rana muna tafe wata mata ta tofar da yawu a gabanmu ta ce Allah ya isa. Na juya in ga da wa take, ba kowa a bayanmu. Na tambayi Malam Kyari, ya ce yunwa ce, tana sa mutum faɗin abin da bai yi niyya ba. A raina na ce ko don ni baƙo ne ake ganin ina cinye musu rabo, har na fara rage fita.

Wata ranar Laraba da azahar Ya Falmata ta kawo kwano da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye, ta ɗora wata takarda a kan murfin. Shafin jaridarmu ne da 'yan goro suka shigo da shi, ya yi laushi don yawan hannun da ya bi, an ninke shi har ya fara yagewa. Zanena ne a tsakiya, an buga shi babba. Abin kunya, farin ciki ne ya fara zo mini.

"Haruna," ta ce, "wane ne wannan?"

"Ba kowa ba ne, Inna. Misali ne kawai, na masu cin abincin talakawa."

"Ba kowa ba."

"Wallahi ba kowa. Dubi cikinsa fa. Dubi wuyansa."

Ta tsuguna ta sa yatsa a kan kuncin mutumin. "Ciki kowa na iya yinsa in ya samu abinci. Waɗannan dogayen na Barebari ne, muna da yawa a garin nan. Waɗannan biyun na gicciye, wanzamin gidansu kaɗai ke yin su, tun kakansu da ya zo daga Barno. Maza huɗu suka rage a duniya da wannan aska. Ɗaya makaho ne, biyu suna Zermu suna noma. Saura wa? Kuma ka rataya masa makulli."

Na ce a Kano ba wanda zai duba wannan. Ta ce nan ba Kano ba ne, nan ko yaron goye ka nuna wa fuska zai gaya maka gidan da ta fito. Na ce ai rubutun da ke ƙasa bai ambaci suna ba. Ta ce su wa suka karanta rubutun? Sannan ta gaya mini tun da safe jandarmomi suka zo mangaza, suka karɓi makulli, suka tafi da shi.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni, don a lokacin wanda aka kama da taɓa hatsin taimako ba ya kwana gida. Ga shi ni ba ni da ko takarda ɗaya ta shiga ƙasa. Na zauna ina kallon tuwon, na tashi, na koma na zauna. Daga baya na ɗauki littafina na tafi ofishin jandarmomin.

Aka shigar da ni wurin babbansu, ajidan suke ce masa, wani baƙin mutum mai gilashi wanda ke Hausa a hankali kamar mai auna ta. Jaridar na kan teburinsa. Na ce ni na zana, kuma Malam Kyari bai san komai ba.

"To madalla," ya ce. "Yaushe ka gan shi yana fitar da buhu?"

"Ban gan shi ba. Bai taɓa ba."

"Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe. Ji na yi a kasuwa."

"To wannan wane ne?"

"Ba mutum ɗaya ba ne. Duk masu yin haka ne, na haɗa su a jiki ɗaya."

Ya jawo takarda ya cire murfin alƙalami. "Yawwa. Faɗi sunayensu."

Na ce ban san su ba. Ya ajiye alƙalamin ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce bari ya gane: na zana mutanen da ban sani ba, suna aikin da ban gani ba, da fuskar mutumin da na tabbata bai yi ba, kuma a ƙasarmu albashi ake ba ni don haka? Na ce ba haka abin yake ba. Ya ce to yaya yake? Na yi ta kame-kame ina maganar yadda zane ke faɗin gaskiyar da rubutu ke tsoro. Ni da nake ji da bakina a ofis, ranar na kasa bayyana sana'ata ga mutum ɗaya, har na fara shakkar ko ni ma na taɓa fahimtarta.

Na miƙa masa littafina ya ga zanen Malam Kyari talatin da wani abu, don ya gane hannu ne ya saba. Ya yi ta buɗawa. Ya ce wannan ai ya nuna na daɗe ina bin mutumin ina nazarinsa, kamar wanda aka aiko. Shaidar da na kawo don ta wanke shi ta koma tana neman ɗaure mu mu biyu.

Kwana biyu suka riƙe ni a wani ɗaki mai zafi, suka riƙe shi a wani. Aka buɗe mangaza gaban manya aka bincika, ba abin da ya ɓata. Aka sake shi. Amma aka ce tunda jama'a sun riga sun yi magana, ba zai yiwu ya koma bakin ƙofar nan ba, kada layi ya rikice. Aka ba wani makullin, shi kuma aka ce ya zauna gida har a neme shi. Na samu labari daga baya ba a taɓa nemansa ba. Ni kuwa aka ba ni kwana ɗaya in bar ƙasar. Ko dawar tana fita ta wani wurin, ko ba ta fita, har yau ban sani ba. Abin da na sani, da na koma Kano edita ya rungume ni ya ce ban taɓa zane mai kyau irin wannan ba.

Ranar da aka sake ni, da na koma gidan don ɗaukar jakata na samu Malam Kyari a zaure. Na durƙusa na ce ya yafe mini, na kasa ɗaga kai. Ya ce in tashi, ya yafe, ya san ba da gangan na yi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce da na isa zan sa a buga gyara, a rubuta cewa mutumin kirki ne.

"Waɗanda suka tofa mini yawu, su nawa ke karanta boko?"

Na ce to zan sake zane, in zana shi yadda yake, siriri, yana zazzage aljihu a bakin ƙofa.

Ya ɗan yi murmushi. "Ɗana, wancan sun miƙa wa juna ne don akwai ɓarawo a ciki. Wa zai ratso daji da hoton mutumin da bai yi komai ba?"

Ya Falmata ta aiko da ƙullin garin dawa na guzuri, ba ta fito ba, ban kuma ga laifinta ba.

Da safe ya ce sai ya raka ni tasha, baƙo ba ya fita gidansa shi kaɗai. Na roƙe shi ya zauna, ya ƙi. Ya shiga ciki ya daɗe, da ya fito sai na ga ya naɗa rawani, ya ja gefensa ya rufe kumatu da baki har zuwa ƙarƙashin ido, irin yadda Buzaye ke yi. Wata biyu ina gidansa, hula kawai na san shi da ita. Muka bi ta cikin Birni inda aka haife shi, muka wuce masallacinsu da ƙofar gidan abokansa, yana gaba da jakata ina biye.

A tasha wani tsoho mai sayar da igiya, wanda na sha ganin suna hira da shi, ya ɗago ya dube mu. Ya gaishe ni da sunana, sannan ya juya ga Malam Kyari ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Daga arewa? Yaya kuka baro dabbobi?"

Na jira ya sauke rawanin. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Sai godiya," ya miƙa wa direba jakata.